Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitocin da ke maganin dajin kogon kunci: ku zauna tare kafin a ɗauki wuƙa

Zuwa ga likitocin tiyatar kai da wuya, da likitocin gashi masu ƙona daji da hasken na'ura, da masu ba da maganin daji ta jijiya, da likitocin haƙori, da shugabannin asibitocin da kuke aiki a cikinsu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Ni ba likita ba ce. Ni ce matar nan da kuke wucewa a baranda tana rungume da jakar takardu, tana jiran a kira sunan yayanta. Shekara biyu ke nan da aka gano Yaya yana da ciwon daji a kogon kuncinsa na hagu, kuma tun daga ranar jakar nan ba ta rabu da ni ba. A cikinta akwai hotunan kansa, da sakamakon jini, da takardun da wannan likita ya rubuta wa wancan. Na karanta su har na haddace, na kuma karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan wannan ciwo, domin dare yana yi wa mai jinya tsawo. Abin da na gano shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganin da kuke yi wa ciwon nan haɗaɗɗe ne, tiyata da gashi da magani ta jijiya, kowanne yana jingine da ɗan'uwansa, amma ku masu yin sa kowa yana ɗakinsa. Mu dangin majinyaci aka bar wa aikin haɗa ku, mu kuwa ba mu iya ba.

Da haƙori abin ya fara. Wani turmi na sama ya dame shi da ciwo, ya soma girgiɗi, aka cire. Gurbin ya ƙi rufewa. Mako uku, wata ɗaya, wata biyu, ana ta canza masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. A tsakanin nan ƙofar hancinsa ta hagu ta toshe, ita kaɗai, wani lokaci idan ya fyace sai a ga jini-jini. Aka ce mura ce ta zauna masa. Wata safiya ya gama wanke fuska sai ya kira ni, ya kama yatsana ya ɗora a kuncinsa, ƙasan ido kaɗan. Ya ce, "Danna." Na danna. Ya ce, "Wallahi ba na jin hannunki." Ya gangara da yatsan zuwa gefen hancinsa da leɓensa na sama, duk shiru, kamar an yi masa allurar kashe zafi. Daga cire haƙorin zuwa ranar da aka ɗauki hoton siti-sikan na fuskarsa, mai nuna abin da ke can ciki, wata 5 muka yi.

Ku kun san wannan kogo, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in faɗa saboda masu karatu irina. A cikin ƙashin kowane kunci akwai wani fili da ba komai a ciki sai iska, a jikin babba yana cin kimanin mililita 15, wato babban cokali guda. Rufinsa shi ne daɓen kwarmin ido. Ƙasansa yana zaune a kan saiwoyin turamen sama. Bangonsa na ciki ne ya raba shi da hanci, a bayansa kuma akwai tsokokin tauna da hanyar da ta nufi gindin ƙoƙon kai. Jijiyar da ke kai ji ga kunci da leɓen sama ta rufin nan take bi. Da yake wurin fanko ne, ƙari yana samun sarari ya yi ta girma bai taɓa komai ba, sai ya cika ɗakin ya fara cin bango sannan jiki ya yi magana. Idan ya yi ƙasa, haƙora su girgiɗe. Idan ya yi sama, ido ya turo, ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, hawaye na zuba ta gefe ɗaya. Idan ya yi baya, baki ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa akasarin masu wannan ciwo sai a mataki na 3 ko na 4 ake gano su.

Likitocin haƙori da na matakin farko, ba sakaci nake ɗora muku ba. Ciwon ba shi da yawa. Dajin hanci da kogunansa gaba ɗaya bai fi kama mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba a yawancin ƙasashen da ake ƙidaya shi, likita yana iya shekaru bai ga ko ɗaya ba. Roƙona gare ku ɗan kaɗan ne. Duk abin da ya nace a gefe ɗaya na fuska, toshewar hanci ce ko haɓo ko gurbin haƙorin da ya ƙi warkewa, balle idan fatar kunci ta mutu, kada a ba shi magani zagaye na uku. A tura shi wurin likitan hanci ya leƙa da na'ura, a ɗauki hoto.

Da aka gano, sai abubuwa suka ɗauki gudu, kuma a nan ba ni da abin cewa sai godiya. Aka yanki 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji, aka ce irin dajin da ya fi yawa a wurin ne, wanda ke tashi daga fatar da ta lulluɓe cikin kogon. Likitan tiyata ya zaunar da mu ya zana fuska a takarda, ya nuna mana yankan da zai raba leɓen sama ya kewaya ta gefen hanci, ya ce zai cire ƙashin muƙamuƙin sama na hagu tare da rabin ganɗa da haƙoran da ke kai. Awa bakwai ya yi a tsaye a kan Yaya. Ya bar masa idonsa. Har gobe ina yi wa bawan Allah nan addu'a. Tun kafin aiki ya gaya mana tiyata kaɗai ba za ta wadatar ba, za a bi da gashi. Abin da bai faɗa ba, mu kuma ba mu san mu tambaya ba, shi ne yaushe, kuma wa zai shirya.

Ga yadda kwanakin suka tafi, daga takardun jakata nake kwafowa. Sakamakon tsokar da aka cire ya fito bayan mako 3. A mako na 4 muka ga likitan tiyata, ya karanta ya ce ta gefen baya wuƙa ta bi ta jikin ciwon, akwai yiwuwar an bar ɓurɓushi, don haka za a haɗa gashin da magani ta jijiya. Ya rubuta takarda ya miƙo mini. Sashen gashi suka ba mu rana a mako na 6. A ranar ne likitan gashi ya fara jin sunan Yaya. Ya nemi hotunan da aka ɗauka kafin tiyata, domin da su zai san inda ƙarin ya zauna a da. Suna wani sashe, na kwana biyu ina nema. Ya duba bakin ya ga haƙora biyu na ƙasa sun ruɓe, ya ce sai an cire su tukuna, saboda ƙashin da ya sha gashi ba ya warkewa da kyau idan aka cire haƙori daga baya, yana ma iya mutuwa. Aka cire, aka jira mako biyu dasashi ya haɗe. Sannan aka ɗumama robar nan mai raga aka shimfiɗa masa a fuska ta ɗauki siffarsa, don ta riƙe kansa kada ya motsa lokacin gashi, aka sake hoto, aka zauna lissafin inda hasken zai bi, aka shiga layi. A mako na 11 aka fara gashi.

A wancan zama na farko likitan gashi ya dubi ranar tiyata a takarda, ya dubi kalanda, ya ƙirga da yatsunsa. Ya ɗago kai ya ce, "Malama, me ya sa sai yanzu?" Na rasa amsa. Na fita baranda na yi kuka, ina ganin laifina ne. Daga baya na san dalilin tambayarsa. Ƙa'idar da ƙwararru suka tsaya a kai ita ce a fara gashi cikin mako 6 bayan tiyata. Ƙwayoyin dajin da suka rage a bakin yanka ba sa jiran rauni ya warke, hayayyafa suke yi, kuma an daɗe da lura cewa jinkiri yana rage damar murƙushe ciwon a wurinsa. Haka ma idan an fara gashin aka riƙa tsallake kwanaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar wannan magani kuwa tana tsakanin ƙofar wannan likita da ta wancan.

Abin da ke ci mini rai shi ne, cikin abubuwan da suka cinye makonnin nan babu wanda ya zo ba zato. Girman ƙarin tun a hoton farko ya nuna za a yi gashi. Ruɓaɓɓun haƙoran suna bakinsa tun kafin tiyata. Da likitan haƙori ya gan shi a lokacin, da an cire su a ɗakin tiyata rana ɗaya, cikin barci ɗaya, su warke tare da babban raunin. Da likitan gashi ya ga hotunan tun farko, da ya kama masa gurbi a na'ura tun ranar da aka sa ranar aiki, ya kuma gaya wa mai tiyata wuraren da yake so a yi masa alama. Tun ran gini ran zane. Kowanenku ya yi aikinsa daidai a ɗakinsa. Mako biyar ɗin nan a baranda suka salwanta, inda ba hurumin kowa ba ne.

Maganar magani ta jijiya ma haka take. A 2004 aka wallafa sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya daga Turai ɗaya daga Amurka, da suka nuna amfanin haɗa maganin dajin da ake kira sisfilatin da gashi bayan tiyata ga masu dajin kai da wuya mai haɗarin dawowa. Da aka haɗa sakamakon biyun aka duba, waɗanda suka fi amfana su ne wanda wuƙa ta bi ta jikin ciwonsa, da wanda dajin ya fasa kaluluwar wuyansa ya fito. Ana ba da maganin sau uku, rana ta 1 da ta 22 da ta 43 na gashi, yana ƙara wa hasken kaifi. Sai dai waɗanda aka yi gwajin a kansu masu dajin baki da maƙogwaro ne. Dajin kogon kunci ba shi da yawan da za a tara ɗaruruwan mutane cikin sauƙi, don haka aro kuke yi daga maƙwabta, kuna auna kowane majinyaci da basirarku. Ban ga aibin wannan ba. Amma hukuncin da aka gina a kan aro da ƙwarewa ya yi wa kan mutum ɗaya nauyi.

Shi sisfilatin kuma ba ruwan sha ba ne. Yana taɓa ƙoda, yana taɓa ji. Bayan zagaye na biyu Yaya ya fara jin wani siririn fito a kunnuwansa da ba ya tsayawa dare da rana. Kullum yana zuwa gashi, don haka ma'aikaciyar ɗakin gashi ya gaya wa. Ta tausaya masa, ta ce ya gaya wa likitansa. Shi a ganinsa ai ya riga ya gaya wa asibiti. Sai ana jibi zagaye na uku na ambata wa likitan magani, a kan hanya ma muka haɗu. Ya tsaya cak, ya tura mu gwajin ji, ya soke zagayen. Ba a auna jin Yaya kafin a fara ba, saboda haka babu abin da za a kwatanta da shi. Har yau idan mutane suka yi yawa a ɗaki, bakin mai magana yake kallo.

Sai maganar ido, wadda ta fi tsorata duk wanda aka gaya wa yana da wannan ciwo. Tsakanin kogon da ido akwai ƙashi siriri ƙwarai, sannan wata fata mai tauri da ta naɗe kayan cikin kwarmin. Idan daji ya ci ƙashin bai keta fatar ba, galibi ana iya barin ido. Idan ya kutsa cikin kitse da tsokokin da ke juya idon, sau da yawa sai an kwashe duka. Wannan hukunci na mai tiyata ne, amma ba a hannunsa yake ƙarewa ba. Bayan tiyata ana ba wurin gire 60 zuwa 66 na haske (gire shi ne ma'aunin yawan hasken gashi), gire 2 kullum, kwana biyar a mako, har mako shida ko fiye. Jijiyar gani kuwa ba a son ta sha fiye da gire 54 ko kusa da haka, kuma tazarar da ke tsakaninta da inda ake gasawa wani lokaci ba ta kai faɗin yatsa ba. Ƙullin da ke samar da hawaye ma bai kai ta juriya ba. Na'urorin zamani da ke lanƙwasa haske ya bi siffar wurin sun rage wannan ɓarna ƙwarai, sai dai ba su kawar da ita ba. Ana iya bar wa mutum ido a ɗakin tiyata, bayan gashi ya bushe ya zame masa abin ciwo. Idan aka cire daɓen kwarmin ba a sake gina shi ba, idon ya zurma ƙasa, mutum ya riƙa ganin biyu. A wasu cibiyoyi kuma akan fara da magani ta jijiya kafin komai, a ga ko ƙarin zai ja da baya har a tsira da idon. Duk ƙofofin nan a buɗe suke kafin a yi yanka, bayan an yi kuwa yawancinsu sun rufe. Mutum yana da haƙƙin ya ji su daga bakinku ku duka, a zama ɗaya, kafin ya sa hannu a takarda.

Tarihin sana'arku ne ya ba ni ƙarfin gwiwar faɗin haka. Tun 1827 Joseph Gensoul ya cire muƙamuƙin sama a birnin Liyon na Faransa, tun kafin a fara amfani da maganin sa barci. A 1933 Öhngren na ƙasar Suwidin ya ja layi daga lungun ido na ciki zuwa kusurwar muƙamuƙin ƙasa, ya nuna cewa ƙarin da ke sama da bayan layin ya fi muni, saboda kusancinsa da ido da gindin kai, inda wuƙa ba ta da sararin yin faɗi. Shi kansa tiyata da gashi yake haɗawa. A 1970 Sato da abokan aikinsa a Tokiyo suka bayyana hanyar haɗa uku a lokaci guda: magani ta jijiyar jinin da ke gaban kunne zuwa wurin ciwon, da gashi, da ƙaramar tiyata ta kwashe abin da ya mutu, domin a bar wa mutum fuskarsa da idonsa. A shekarun 1990 Thomas Robbins a Amurka ya ƙara wa dabarar kaifi. Ana zura siririn bututu ta jijiyar jini har zuwa reshen da ke shayar da ƙarin, a ɗura masa sisfilatin mai yawa, a lokaci guda a saki wani magani mai suna tayosalfet cikin jini ya karya dafin kafin ya yi wa ƙoda illa. Gwajin da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, bai nuna wannan hanya ta fi ba da maganin ta jijiyar hannu ba ga masu dajin baki da maƙogwaro. Likitocin Jafan kuwa ba su yi watsi da ita ba a kan kogon kunci, inda galibi babbar jijiya ɗaya ce ke shayar da ƙarin. Ƙungiyarsu ta gwajin maganin daji ta gudanar da bincike a cibiyoyi da yawa ƙarƙashin Akihiro Homma na Hokkaido, ana ɗura maganin sau ɗaya a mako har sau 7, tare da gire 70 na haske, ba tare da babbar tiyata ba.

Ba cewa nake kowane asibiti ya kama wannan hanya ba. Tana buƙatar gwanin zura bututu da ke yin ta a kai a kai, kuma kuskure a jijiyoyin da ke maƙwabtaka da ƙwaƙwalwa da ido ba ƙaramin abu ba ne. Har yanzu tiyata a bi da gashi ita ce turbar da aka fi bi ga ƙarin da za a iya cirewa, kuma da za a mayar da mu baya, ita za mu sake zaɓa wa Yaya. Abin da na lura da shi a tarihin nan shi ne, babu ɗaya daga cikin hanyoyin da likita ɗaya zai iya yi shi kaɗai. Mai bututu da mai gashi da mai tiyata jadawali ɗaya suke bi, rana da rana.

Akwai kuma wanda majinyaci ba ya taɓa ganin fuskarsa, wato likitan ɗakin gwaji mai duba tsoka. Kogon ƙarami ne, amma dajin da ke fitowa a cikinsa iri-iri ne. Idan limfoma ce, wato dajin ƙwayoyin garkuwar jiki, babbar tiyata ba ta cikin lissafi, magani da gashi ake yi. Akwai irin da ke tashi daga ƙananan ƙullutan da ke jiƙa cikin kogon, yana bin jijiya a hankali kamar tururuwa a kan igiya har cikin kai. Shi dole mai gashi ya bi sawun jijiyar, a kuma ci gaba da bibiyar mutum shekaru da yawa, domin yakan dawo a makare. Kalma ɗaya a rahoton wannan likita tana juya dukan shirin. Ku ba shi kujera a cikinku, ku kuma ba shi kayan aikin da rahotonsa zai fito cikin kwanaki.

Na jinkirta faɗin abin da ya fi taɓa ni. Kwana kaɗan bayan tiyata aka cire audugar da aka cusa a ramin, aka ce ya gwada kurɓar ruwa. Ni na riƙe masa kofin. Ya kurɓa, sai ruwan ya biyo ta hancinsa ya zubo a rigarsa. Ya sake gwadawa, haka. Ya buɗe baki zai yi mini magana, sautin ya tsere ta hanci, ban gane ko kalma ɗaya ba. Mutumin da ya rene ni, wanda idan ya yi magana gida ke yin tsit, ya juya fuskarsa bango. Ganɗa ce ta raba baki da hanci, mu ba mu taɓa tunanin haka ba sai da aka cire rabinta. Akwai marfi na roba mai tauri da likitan haƙori na musamman ke ƙerawa, mai kama da haƙoran roba, yana toshe ramin. Idan an auna bakin kafin tiyata, ana sa na farko tun mutum yana barci a ɗakin aiki, ya farka da rufin bakinsa. Yaya ba a auna shi ba, domin ba wanda ya tura shi. Kwana 19 ya yi ana ciyar da shi ta bututun hanci, yana rubuta mana buƙatarsa a bayan takardun magani. Ranar da aka sa masa marfin ya motsa harshe, ya gyara zama, sai ya kira sunana, tas, kamar yadda ya saba kira tun ina ƙarama.

Na san wani ramin ya fi ƙarfin marfi, sai an ɗebo tsoka ko ƙashi tare da jijiyoyinsa daga cinya ko ƙwauri ko allon kafaɗa a dasa, a ɗinke jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubi. Kowace hanya da ribarta. Marfi ana cire shi a leƙa ramin da ido a ga ko ciwo ya dawo, dashe kuma ya fi tallafar ido da kunci idan abin da aka cire mai yawa ne. Wannan ma shawara ce ta kafin yanka, kuma tana shafar ranar fara gashi, domin dashen da ya samu matsala makonni yake ci. A kuma tuna da tsokokin tauna. Tiyata da gashi suna sa su ƙage, baki ya riƙa tsukewa a hankali, in ya tsuke marfin ma ba zai shiga ba. Motsa muƙamuƙi kullum tun da wuri yana taimakawa. Mu a layin gashi muka ji wannan daga bakin wani majinyaci, shi ya nuna wa Yaya yadda ake jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙora a gwada buɗuwar baki. Haka maganar ci. Daga mako na uku na gashi bakin ya yi gyambo, haɗiya ta zama azaba, ya rame har robar fuskar ta yi masa sako-sako, aka dakatar aka sake awo. Da mai kula da abincin majinyata ya gan shi tun farko, da wataƙila ba a kai nan ba.

Ranku ya daɗe shugabannin asibitoci, sauran maganar taku ce, domin likita ba zai zauna taron da ba a ware masa lokaci ba. A Birtaniya rahoton Calman da Hine na 1995 ne ya sa aka sake tsarin kula da masu ciwon daji, har zaman ƙwararru a kan kowane majinyaci ya zama ƙa'ida. Abin da zaman ke buƙata ɗaki ne da allon nuna hoto, da awa ɗaya ko biyu a mako da ba a taɓawa. Duk wanda aka gano yana da dajin kogon kunci, kada a sa masa ranar tiyata sai sunansa ya bi ta wannan ɗaki, mai tiyata da mai gashi da mai magani da mai karanta hoto da mai duba tsoka da mai ƙera marfi suna zaune, da likitan ido idan ƙarin ya kusanci kwarmi. Wanda ke nesa ya shigo ta bidiyo. Su tashi da takarda ɗaya mai ɗauke da ranaku: ranar duba haƙora da auna baki, ranar gwajin ƙoda da ji, ranar tiyata, ranar da ake jiran sakamakon tsoka, ranar fara gashi. A ba majinyaci kwafinsa a hannu, a karanta masa da harshen da yake ji.

Ku naɗa mutum ɗaya, ma'aikaciyar jinya ma ta isa, wadda aikinta shi ne riƙe wannan takarda da ƙirga kwanaki, wadda idan kunne ya fara fito ita za a kira, ta kai maganar inda ya dace a ranar. A ƙarshen shekara ku ƙirga mutum nawa suka fara gashi cikin mako 6, ku dubi inda sauran suka maƙale. Idan na'urar gashi ta tsaya, ya zama tun kafin ranar an san inda za a tura wanda yake tsakiyar magani. In kuma asibitinku ba ya ganin wannan ciwo sai jefi-jefi, ko ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan ƙwararru, ku tura mutum inda suke a haɗe tun ba a taɓa shi ba. Ba abin kunya ba ne. Ya fi a yi masa rabin aiki sannan a miƙa wa ƙanwarsa takarda ta tafi neman sauran.

Yaya yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Duk wata uku muna komawa a leƙa ramin a shafa wuyansa, hoton ƙarshe kuma bai nuna komai ba. Idonsa na hagu yana gani, sai dai kullum da kwalbar ɗigon ido a aljihunsa. Na karanta masa wasiƙar nan kafin in fitar da ita, a hankali, ina fuskantarsa don ya ga bakina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in ƙara abu ɗaya. Ya ce duk wanda za a cire wa ganɗa, a gaya masa tun ana gobe aiki cewa zai farka maganarsa ba ta fita yadda ya saba, kuma a ajiye masa takarda da biro a gefen gado, ta wajen hannun da ba a ɗaura wa ƙarin ruwa ba.

Wassalam.

Ƙanwar wani majinyacinku.